Ranar da Aka Ɗaura Mini Aure da Sabo Mai Inji

Har yau idan na shiga kasuwar Dawanau sai wani ɗan rainin wayo cikin dillalai ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji Dabo, ya maigida?" Sabo mai injin niƙa yake nufi. Ba na juyawa. Amma tunda kowa yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, har an fara cewa wai na yafa jan mayafi, gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru. Ban yafa mayafi ba. Kuma har gobe ban ga kuskurena ba.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi ne, wadda mutum zai sayar da akuya ya cinye kuɗin kafin ya iso gida. Akwai wani Ba'indiye mai suna Manohar, makaniken injin tace riɗi a wani kamfani a Dawanau. Bakinmu bai iya sunan ba, muka mayar da shi Manu, kamar wani Bafulatani. Kamfanin ya durƙushe, manyan suka tattara suka tafi, shi kuwa ya tsaya saboda wani kamfanin ya yi masa alkawarin aiki. Hayar birni ta fi ƙarfinsa. Ni dillalin wake ne, mun saba, na ce ya taho ƙauyenmu Rijiyar Marke, nan gefen Tofa. Na ba shi shagon da nake tara buhuna, tunda babu buhunan. Mutum ne mai hannu: injin ban ruwa, injin niƙa, babur, duk abin da ya mutu in ya taɓa sai ya yi tari ya tashi. Ba ya cin nama, shi ya sa matata Kaltume ta so shi nan take, don a shekarar mu ma ba ma ci.

Bayan wasu watanni matarsa Lalita ta iso daga ƙasarsu da bizar ziyara. 'Yar siririya ce, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, amma kafin mako ya zagayo ta iya tuƙa tuwo.

Wata rana Manu ya dawo daga birni kamar wanda aka aiko wa da rasuwa. Ya zauna a bakin tabarmata.

"Baba, an ce Lalita ba matata ba ce."

"Wa ya ce? Ubanta?"

"Ofis."

Ga yadda ya yi mini bayani. A can ƙasarsu dangin biyu ba sa ga maciji, don haka su biyu kawai suka je wurin ibadarsu, ya rataya mata furanni a wuya, ta rataya masa, suka ce sun yi aure. Yanzu hukumar shige da fice ta ce in ana so ta zauna a matsayin matarsa, sai an kawo takardar aure daga ofishin ƙasarsu. Ofishin ƙasarsu kuma ya ce furanni kaɗai ba su isa ba. Sai an hura wuta, ango da amarya sun zagaya ta sau bakwai, wani ya tsaya a matsayin uba ya miƙa ta, ga shaidu, ga hoto, ga sa hannun malaminsu. Bizarta kuwa ƙarshen wata za ta ƙare. In ta ƙare babu takarda, jirgi za ta hau, kuma Manu ba shi da abin sake dawo da ita.

Kaltume tana bayan ƙyaure tana ji. Ta leƙo.

"To tunda an ce ba aure, daga yau a ɗakina za ta kwana."

"Inna, wallahi matata ce!"

"Ka kawo takarda."

Da yamma ta kwashe kayan yarinyar. Tun daga ranar Lalita ta zama 'yar Kaltume, kuma ku riƙe wannan, don daga nan matsalar ta taso.

Malaminsu, wanda suke kira Fandit, yana Legas. Kuɗin kawo shi Kano ya fi kuɗin bijimi. Ya yarda zai yi karatun ta waya, irin kiran da ake ganin fuska. Amma ya duba taurari ya ce ranar Alhamis da hantsi ne kaɗai lokaci mai kyau. In ya wuce, sai bayan bizar ta ƙare.

Manu ya roƙe ni in zama uban amarya. Na ce madalla, nawa ne sadakin? Ya sunkuyar da kai ya ce a wajensu uban amarya ne yake bayarwa. Na ce to nan ƙasar Kano ce, mu raba rigima: kada ka ba ni, kada in ba ka.

Na tafi wajen limaminmu Malam Khalilu, don ba na so in sayi wuta da wuta. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Maƙwabcinka ne, yana cikin damuwa. Ka miƙa hannunta, ka shaida abin da idonka ya gani. Amma kada ka rusuna wa wutar, kada ka jefa mata komai, kada ka maimaita karatunsu."

"Shi ke nan, Malam?"

"Shi ke nan."

Ku lura, bai ce komai a kan tafiya ba.

Da labari ya bazu sai ga shi kowa a Rijiyar Marke malamin auren Indiya ne. Ba abin mamaki ba ne, mun girma muna kallon finafinansu. Babban malamin kuwa Muntaka ne mai gidan kallo, wanda ya yi furfura a gaban talabijin har yana jin yaren. Shi aka naɗa tafinta da mai ɗaukar hoto. Sabo mai inji, wanda Manu yake gyara wa inji kyauta, shi Manu ya zaɓa babban abokin ango. Tambayar farko da Sabo ya yi ita ce wa zai zama mugun da zai shigo ana tsaka da biki ya ce a dakata. Manu ya ce ba dole ba ne. Sabo bai ji daɗi ba, don ya riga ya yi wa surukinsa alkawari.

Ranar Alhamis da asuba Manu ya hau mota zuwa birni karɓo jan sari, wato zanen matansu, wanda wata 'yar ƙasarsu ta ara wa amarya. Ya bar wa Muntaka babbar wayarsa, don a garinmu sabis ba ya zama sai a masussuka, ƙarƙashin kuka, kuma can za a yi bikin. Ya ce kafin rana ta ɗaga ya dawo.

Rana ta ɗaga. Babu Manu. Daga baya muka ji motar mai ya ƙare mata a hanya, direban ya shiga layin gidan mai da fasinjojinsa a ciki. Ƙaramar wayarsa kuma babu caji.

Muka hura wutar kara a masussuka, maza suka kewaye. Na ce bari in kawo amarya ta jira. Na isa gida na tarar da Kaltume a tsakar gida tana tankaɗe.

"Fito da yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Kaltume, ba lokacin wasa ba ne."

"Amarya ta ɓuya. In ango yana sonta ya zo da abokansa su nemo ta, su sayi baki. Kai da ka aurar da 'ya'ya mata, a wane ɗaurin aure ka taɓa ganin amarya tsaye cikin maza kamar mai tallan gyaɗa?"

"Wannan na Indiya ne."

"A ɗakina ta kwana."

Ashe tun jiya sun sa ta a lalle, da sassafe suka kai ta gidan ƙanwar Kaltume a bayan gari. Ita kuwa Lalita tana zaune tana murmushi, ta ɗauka in Manu ya dawo za a zo a tafi da ita. Wanda ya san Kaltume ya san gara ka roƙi dutse.

Ina komawa masussuka waya ta yi ƙara. Fandit ne. Hoto ya ƙi fitowa, sai murya kaɗai, tana zuwa tana yankewa. Muntaka ya kara a kunne.

"Alhaji, ya ce lokaci ya shiga. Ya ce a kawo ango da amarya gaban wuta."

Na tsaya na yi tunani irin na manya. Ni dai na halarci ɗaurin aure ba adadi. Ban taɓa ganin inda aka jira ango ko amarya ba. Ni kaina ranar da aka ɗaura mana aure da Kaltume ina Ikko da lodin wake, kuma ga auren nan har yau ya ƙi mutuwa. Wakilin mutum shi ne mutum. Ga wakilin ango a tsaye, ga uban amarya a tsaye. In lokacin nan ya wuce, yarinya ta tafi.

Na ce, "Sabo, matso."

Muntaka ya zaro ido. "Alhaji, ban taɓa ganin an yi haka a fim ba."

"Fim ne, ai dole su nuna fuskar 'yan wasa, su aka biya. Ka ce masa mun shirya."

Ya faɗa masa. Fandit ya fara karatu.

"Ya ce a ɗaure gefen rigar ango da ta amarya."

Aka ƙulle hannun babbar rigata da na Sabo.

"Ya ce a zuba man shanu a wuta."

Sabo ya rungume kwalbar da Manu ya tanada. "Man shanu? A wannan tsadar? Malam ma ya hana. Ka ce masa an zuba."

"Ya ce ku fara zagayawa."

Muka fara. Sabo doguwar ƙafa gare shi, ni kuwa gwiwa ta fara ba ni matsala, sai ya riƙa jana kamar akuyar da za a kai kasuwa. Hayaƙi yana shiga mini ido. Kowane zagaye da alkawarinsa, Muntaka yana fassarawa da hannu ɗaya, yana ɗaukar hoto da wayarsa da ɗayan.

"Ya ce ango ya yi alkawarin ciyar da amarya har ƙarshen rayuwa."

Na ce, "Sabo, ka ji ko?"

"Na ji. Ka daina taka mini ƙafa."

"Ka amsa a gaban shaidu."

"Na amsa!"

"Ya ce amarya ta yi alkawarin ladabi da haƙuri."

Na ce, "Wannan Lalita ce za ta cika, ni ɗan aike ne."

Zuwa lokacin mutane sun fara faɗuwa ƙasa don dariya. Wasu mata da suka laɓe bayan dangar kara suka rangaɗa guɗa. Ni ban yi dariya ba, aiki nake yi. Muka kammala zagayen. Sai Muntaka ya saurara, ya dube ni.

"Ya ce ango ya shafa wa amarya jan gari a tsagar gashinta."

Sabo ya miƙo hannu zai cire mini hula. Na ce wallahi in ya taɓa hular nan sai dai a raba auren yanzu. Muna cikin wannan jayayya, yana ja ina ja, hular ta faɗi, sanƙona ya fito fili. A daidai lokacin sabis ya buɗe. Fuskar wani dattijo mai farin gashi ta bayyana a wayar, yana murmushi zai sa wa ma'aurata albarka. Muntaka, saboda ladabi, ya juyo mana da wayar.

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ƙura mana ido ko ƙiftawa ba ya yi, har Muntaka ya girgiza wayar ya ɗauka sabis ne ya sake tafiya.

Sai ga Manu a bayan keken wani mai kai madara, da leda a hannu, gumi sharkaf. Ya dubi wuta, ya dubi rigunanmu a ƙulle, ya dubi wayar. Fandit ya buɗe baki, ya yi ta zuba magana. Muntaka ya ce wannan ɓangaren ba ya cikin Indiyancin da ya iya.

Manu bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa da ledar a cinyarsa, ya ce, "Baba, lokaci ya wuce."

Lalita ta ji guɗa ta ɗauka an zo ɗaukarta, ta fito da gudu, Kaltume ta hango ta, ta biyo ta da mayafi. Ta iso ta tambayi mijinta da yarensu, ya amsa mata da kalma biyu. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta dubi hannuwanta da suka sha lalle, ta juya ta kifa kai a kafaɗar Kaltume. Malam Khalilu ma ya iso, yana dubana da wani irin ido, amma na ce a raina wannan shari'ar sai anjima.

Na kwance rigata, na ɗauki hulata, na ce wa Manu, "Tashi ka yi mini tafinta. Tambaye shi, ni da Sabo mun auru?"

Fandit ya kaɗa hannu biyu kamar mai korar ƙudan zuma. Manu ya ce, "Ya ce a'a, sam, ba a yi komai ba."

"Alhamdu lillahi. To ciniki bai faɗa ba, kaya suna nan. Ya ba mu wani lokacin."

"Ya ce taurari sun wuce."

"Gaya masa na tsufa a kasuwa. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce kaya sun ƙare ba tare da ya ɓoye buhu ɗaya a bayan shago ba. Ya dubo mana bayan shago. Ya dubi yarinyar nan kuma."

Manu ya yi jinkiri, sannan ya fassara. Muntaka ya juya wayar wajen Lalita. Dattijon ya dube ta, ya sake dubana da Sabo, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya share hawaye. Da ya nutsu ya yi magana a hankali, na ga Manu ya miƙe tsaye.

"Ya ce akwai lokaci ɗaya da mutanen ƙauye suke aure a ciki ba tare da duba taurari ba. Da yamma, in rana ta yi ƙasa, shanu suna dawowa gida suna tayar da ƙura da kofatansu. Amma ya ce sai ya ga shanun da idonsa. Ya ce ya daina yarda da maganar mutanen garin nan."

Sai ga sabuwar matsala. Shanun Rijiyar Marke duk an sayar an ci hatsi. Abin da ya rage bijimin huɗa ɗaya ne na mai unguwa, shi ma ɗingishi yake, ba zai tayar da ƙurar da za ta sa kaza atishawa ba. Malam Khalilu kuma ya ce ko mene ne za a yi, a kashe wutar kafin kiran magariba.

Na hau keken mai madara zuwa rugar Arɗo Hadi a hayin fadama. Na ce ina so yau garkensa ya koma gida ta masussukarmu, kuma ya ɗan yi sauri. Ya ce hanyar ta yi zagaye, shanu ba su ƙoshi ba. Muka yi ta ja. Ni dillali ne, amma Bafulatani a kan shanunsa ya fi dillali. Ban bar rugar ba sai da na sallama masa harawar waken da na tara a kan bishiya, wadda nake jira ta yi tsada. Ina dawowa ina cewa a raina, ashe dai gaskiyar Manu ce, uban amarya ne yake biya.

Bayan la'asar sakaliya aka sake hura wuta. Wannan karon ban aika kowa gida ba. Kaltume da kanta ta fito da amarya cikin jan sari, ta ratso tsakiyar maza ba ta dubi kowa ba, ta tsayar da ita kusa da Manu. Ta yaye mata lulluɓi da hannunta, ta ce wa Muntaka, "Ka ɗauki fuskarta sosai. Kada gobe ofis ya ce Sabo ne."

Muka jira. Rana tana sauka, Malam Khalilu yana can nesa ya ba mu baya yana kallonta. Manu yana ta leƙen hanya. Sai muka ji kukan shanu, ƙura ta taso ja daga wajen fadama, farare masu dogayen ƙaho suka ɓullo suna turereniya. Muntaka ya ɗaga waya sama. Fandit ya haɗa tafukansa, ya fara karatu.

Na kama hannun Lalita na sa a na Manu, iyakar aikina ke nan. Manu ya juye man shanun nan duka a wuta, Sabo ya yi nishi kamar an soke shi. Suka zagaya da ƙafafunsu, a hankali, ita tana gaba wani lokaci, shi yana gaba wani lokaci. Na ga abin da kyau ba laifi, ko da yake ni da Sabo mun fi su sauri. Ya shafa mata jan gari a tsagar gashi, Kaltume ta rangaɗa guɗa, aka watsa wa wuta ƙasa, ladan ya kira salla.

Bayan salla Malam Khalilu ya tsayar da ni da Sabo. Na tuna masa bai hana tafiya ba. Ya ce bai hana ba ne don bai taɓa zaton akwai mai gemun da zai yi ba. Ya sa mu istigfari da sadaka, muka yi.

Takarda ta fito kafin bizar ta ƙare. Ni da Sabo muka dangwala a matsayin shaidu, bayan na tsaya a kan Muntaka ya tura hotunan yamma, ba na hantsi ba. Na hantsin ya rantse ya goge, amma ban san yadda aka yi suka isa Dawanau ba. Lalita ta zauna. Manu ya sami aikinsa, sun koma kusa da kasuwa, kuma duk Juma'a sai ta zo gaishe da Innarta, ni kuma ta ce mini Baba.

Harawata ta tafi, na haƙura. Amma tun daga ranar ban sake biyan kuɗin niƙa ba. Duk lokacin da aka kai hatsin gidana Sabo ya fara ƙunƙuni, sai in aika a tuna masa abin da ya amsa a masussuka, da bakinsa, a gaban shaidu.